Tsarabar da Na Kawo Daga Maraɗi

Mu shida ne a tashar Kawo ran nan, in an ƙirga da jariri, kuma ni ina ƙirgawa da shi tunda saboda shi aka tafi da ni. Akwai Malama Uwani, shugabar firamaren unguwarmu, wadda kowa ke ce wa Malama Babba. Akwai Malam Iliya mai koyar da lissafi, wanda ya zo da jaka uku da kwat a tsakiyar zafin bazara. Akwai autata Balkisu, malamar aji biyu, da ɗanta mai wata biyar. Sunan marigayi mijina ya ci, don haka ba na faɗa, Maigida nake ce masa. Sai direbanmu Ɗanjuma, sai ni, Hajiya Gambo mai awo ta Unguwar Shanu.

Tun da muka dawo ba ku bar ni na huta ba. Hajiya Mairo ta taso daga Abakpa sau uku, bakinta na tambayar yaya Nijar, idonta na leƙen ƙarƙashin gado inda take zaton na ɓoye kilishi. Asabe mai ƙosai kuwa ko gaisuwa ba ta gamawa take cewa a ba ta labari. Na gaji da maimaitawa. Na zaunar da Balkisu da biro, ina faɗa tana rubutawa. In ta gama, wani ne zai karanta mini, ba ita ba, don in ji ko ta tsallake inda bai yi mata daɗi ba. Maganar tsaraba tana ƙarshe, sai ku daure ku kai can.

Abin da ya kai mu, wata ƙungiya ce ta shirya wa malaman firamare na nan da na can bita ta kwana huɗu a Maraɗi, kowa ya ga yadda ɗan'uwansa ke koyarwa. Sunan Balkisu ya fito. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ba hutu, yaro kuma yana kan nono. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ko za ki raka ni?" Na ce ina yarinya ba a sa ni aji ba, sai yanzu da furfura za a kai ni na wata ƙasa?

Amma na yarda, don na daɗe ina kallon ta. Tun da ta koma aiki bayan haihuwa, kullum in ta biyo ɗaukar yaro muryarta a dishe take kamar ta mai tallan gawayi. Da can sai na ce ta yi shiru da labarin 'yan ajinta, wane ya ce kaza, wance ta yi kaza. Sai ta daina. Na san an hana duka a makarantarsu, na kuwa yanke cewa ciwon ke nan. Na ɗauko dorinar marigayi daga ƙusa na naɗe ta a ƙasan jakata, da niyyar in tuna wa masu bitar abin da suka manta.

Ba mu wuce Mararrabar Jos ba Malam Iliya ya fara yi mana bitar tun a mota. Ya ce a ilimin zamani yaro kamar fure yake, ba a taɓa shi, ruwa kawai ake ba shi. Na ce bakwai na haifa na raina, ban ga fure ko ɗaya a ciki ba. Ya ce, "Hajiya, ai zamani ne ya canza." Na ce yaran ne dai ban ga sun canza ba. Malama Babba ta kau da kai tana kallon taga, kafaɗarta na rawa. Haka muka yi ta tafiya har Zariya, har Funtuwa, inda muka sayi rake da tsire Malam Iliya ya ci ya yi barci, kunnenmu ya sha iska.

Gab da Malumfashi taya ta fashe. Muka fito muka zauna gindin dalbejiya wajen wata mai fura. Malam Iliya ya tsaya a kan Ɗanjuma yana yi masa bayanin inda ya kamata a sa jak da dalilin haka a lissafe. Ɗanjuma ya saurara, ya saurara, sai ya miƙa masa sifana ya ce, "Bismillah, Malam." Malam ya tuna bai yi azahar ba. A Katsina muka kwana gidan ƙanwar Malama Babba, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, tuwon ya yi, miyar daddawa ta yi mata kaɗan, na kuwa gaya wa matar gidan don gaba.

Da safe muka bi ta Jibiya muka isa boda. A nan na yi kuskuren da ya juya tafiyar.

Muna tsaye gaban teburin wani ma'aikaci, dogon saurayi mai maganar Zazzagawa. Ya duba katinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce saura katin rigakafin yaro. Balkisu na cikin mota tana canza wa Maigida kunzugu, ta leƙo ta ce, "Inna, yana jakata, aljihun gefe." Na sa hannu na ji takarda na zaro. Ku bar ni da hatsi, ido a rufe zan gaya muku gero ne ko maiwa, na bana ne ko na bara. Amma takarda a wurina fara fara ce. Farin ambulan ne, na miƙa masa. Ya buɗe ya karanta, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Hajiya, wannan ba katin yaro ba ne. Takardar ajiye aiki ce. Wace ce Balkisu?"

Malama Babba na tsaye a kafaɗata, ita ce kuma aka rubuta wa takardar. Balkisu ta fito da yaro a hannu ta daskare. Na karɓi takardar na mayar cikin ambulan, na tura a lalitata na ɗaure. Shekara talatin ina zaune gaban buhu da mudu a kasuwar Kawo, da wannan mudun yarinyar nan ta yi karatun malanta, kuma sai a bakin baƙo a kan iyaka zan ji za ta zubar.

Malama Babba ta gyara mayafi ta ce, "Ni ban ga komai ba. Takardar da ba a miƙo mini a ofis ba, ban san da ita ba. Litinin ƙarfe takwas ina ofis. Wanda ya kawo mini abu zan karɓa."

Aka nemo katin yaro, muka ƙetara. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya tare mu da Faransanci, Malam Iliya ya gyara kwat ya mayar masa da Turancin Ingila, suka yi ta yi ba mai jin wani. Na matsa na ce, "Ina kwana, ɗana?" Ya ce, "Lahiya lau, Inna, kun zo lahiya?" Magana ta ƙare. Fuskokin namu ne, goron namu ne, Hausar ma tamu ce sai dai an ɗan murɗe mata wuya. Makaranta lakwal suke ce mata.

An sauke mu a ɗakin kwanan wata makarantar horon malamai, gadajen ƙarfe wani a kan wani. Na ce ban hau gadon sama ina budurwa ba, kuma ba zan kwanta a ƙasan mutum ba. Na shimfiɗa tabarma. Da safe burodi suke ba mu dogo kamar taɓarya, taurinsa ma kusan haka, sai na jiƙa a shayi haƙoran da suka rage mini suke yarda. Shayin ma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar magani, kuma sai an yi zagaye uku. Amma gaskiya ɗaya ce, kwaɗon zogalensu da suke ce wa kopto ya fi namu, Asabe ki ji da kyau, ba sa cika masa mai. Da rana tsaka kuwa gari mutuwa yake, kowa ya rufe ya kwanta sai la'asar. A Kaduna in ka rufe shago da azahar maƙwabcinka ya gaje masu sayenka.

Bayan la'asar ɗin ranar farko na kira Balkisu bayan ɗaki.

"Da wa kika yi shawara?"

"Ba kowa, Inna."

"Mijinki fa?"

"Ya ce in yi abin da ya fi mini sauƙi."

"To bai ba ki shawara ba, ya kauce ne. Faɗa mini."

Ta daɗe tana jan zaren bakin mayafinta. Ta ce, "Yara tamanin da uku ne. In na juya ina rubutu a allo, kasuwa ta ci a bayana. In na juyo na yi tsawa, shirun bai kai a sha ruwa ba. In na ce wa ya gane, biyar na gaba su ɗaga hannu, sauran ban san ko suna duniyar ba. Ƙarshen zangon nan na zauna duba takardunsu, na ga wata yarinya, Ummi, tun farkon shekara tana ajina ba ta iya rubuta bakwai ba. Ba rashin iyawar ne ya dame ni ba, Inna. Ban sani ba. Da na kira sunan a aji ban ma san ta wane ɓangare za ta taso ba."

Na buɗe jaka na nuna mata kan dorinar. Ta dube ta, ta dube ni, sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda na yi wata uku ban ji ba. "Inna, don Allah ki ɓoye, kar a kore mu daga ƙasar mutane."

Kashegari aka kai mu ajin wata Madam Hadiza. Rumfar zana ce, ba bango ba benci, yara a kan tabarmi, kuma na ƙirga kawuna, sun fi na Balkisu. Madam ɗin 'yar siririya ce gajera, in iska ta taso sai ka ce a riƙe ta. Amma a hannunta akwai guntuwar sanda mai kauri kamar bakin muciya. Na ce a raina, yauwa, ga mai hankali ɗaya. Aka ba malamai benci a gefe suka buɗe littattafan rubutu. Ni na zauna can baya da Maigida a goye, ba abin rubutu sai ido.

Ta tsaya a bakin rumfa, duk yaron da zai shiga sai ta kira sunansa, wani ta tambayi kakarsa, wani ta ce ya koma ya wanke hanci. Babban allo kuwa tun kafin su zo ta gama rubuta abin da za ta rubuta. Kowane yaro yana da ɗan baƙin allo wanda bai fi tafin hannu biyu ba, da guntun alli, da ƙyalle. Ta ɗaga sandar, rumfa ta yi tsit. Ta faɗi tambaya sau ɗaya tak, rabi Hausa rabi Faransanci, da muryar da sai na miƙa wuya na ji: sha biyu, a cire biyar. Ba wanda ya motsa. Ta bugi tebur, ƙwas. Duk kawuna suka sunkuya, ba ka jin komai sai ƙarar alli. Ta sake bugawa, alluna suka tashi sama gaba ɗaya suna fuskantar ta. Ta bi su da ido daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai duba shanya. Ta buga na uku, aka goge.

Wanda ya yi kuskure ba a yi masa ihu ba, ba a sa aji ya yi masa dariya ba. Sai ta ce, "Sani, matsa wurin Mariyama ku ƙirga." Kowace tabarma tana da gwangwani cike da karan dawa da aka yanka tsawon yatsa, an ɗaure wasu goma-goma da roba. Mariyama ta kwance ɗauri ɗaya, suka cire biyar tare, Sani ya ga abin da ya rage da idonsa. Kowace tabarma kuma da sunanta da babbanta, mai raba alli da tattara kara. In surutu ya fara tashi, maimakon ta ɗaga murya sai ta ƙara yin ƙasa da ita, yaran da kansu su riƙa zungurin juna a yi shiru.

Ni dai ina jiran sandar nan ta sauka a kan wani. Har aka tashi, tebur kaɗai ya sha duka.

Amma na kama ɓarauniya. Wata yarinya a tabarma ta uku, kullum sai alluna sun fara tashi take satar kallon na kusa da ita, ta rubuta da sauri, ta ɗaga a ƙarshe. Sau shida ina ƙirgawa. Da aka tashi na je na gaya wa Madam, na nuna mata yarinyar, na tsaya in ga hukunci.

Ta yi murmushi ta ce, "Zali ce, Inna, na gane ta. In na ce wa ya gane, kowa shina iya ɗaga hannu. Allo kau ba shi ɓoye mutum. Wadda ta ɗaga daga baya, ita ce aikina na gobe. Gobe gabana za ta zamna." Sai ta ƙare mini kallo. "Ke kuma wace lakwal kika koyi gani haka?"

Na ce lakwal ɗin kasuwar Kawo. Mai awon da ta juya wa buhunta baya, da rabi za ta koma gida.

A mota muna komawa masauki Malam Iliya ya karanta mana shafi huɗu da ya cika, kowace dabara da dogon sunanta na Turanci. Da ya gama na ce, "Malam, sau nawa matar nan ta juya wa yara baya?" Ya duba shafukansa. Malama Babba ta duba nata. Na ce ko sau ɗaya, kuma ba yaron da hannunsa ya zauna ba aiki. Balkisu kuwa na ga ta buɗe littafinta ta ƙara layi biyu.

Rana ta uku suna cikin ɗakin taro ana ta jawabi, na bar wa Balkisu yaro bayan ya ƙoshi ya yi barci, na ce zan je sayen tsaraba. Masu babur da suke ce wa kabu-kabu suka yi ta kira na, na ce ban hau a Kaduna ba, ba zan fara a inda ba wanda ya san gidanmu ba. Da ƙafa na je. Mai awo ba ta ganin ma'auni ta wuce, don haka sai da na tsaya layin 'yan hatsi. Su da tiya suke awo, ta fi mudunmu girma sosai, kuma suna tsiri a kai har ya zube, abin da in na yi a Kawo sai in tashi ba jari. Na sayi tiyar da ɗan gero don in gwada a gida. Daga nan na shiga wani layin na daɗe. A amalanken jaki na dawo, zaune a kan buhu ɗaure da igiya. Malam Iliya ya taso zai taya saukewa yana shinshina ko kilishi ne. Na ce duk wanda ya taɓa buhun nan, ni da shi ne.

Rana ta huɗu aka ce kowane baƙon malami zai koyar da ajin Madam Hadiza na rabin awa. Aka ba Balkisu darasin rabi da kwata. Ta shiga da alli a hannu, ta gaishe su. Sai jiki ya koma abin da ya saba. Ta juya ta fara zana da'ira a babban allo tana rarrabawa, tana magana da allon. Ban kai ga gyara goyo ba rumfar da ta yi tsit shekaranjiya ta fara tafasa. Wani ya ja hular wani, kara suka fara tashi sama. Balkisu ta juyo ta daka tsawa da Turanci, ga yaran da ko kalma ɗaya ba su sani ba a ciki. Suka yi shiru suna kallon ta, sannan wani ya kwaikwayi maganar, aji ya fashe da dariya. Na ga idonta ya kawo ruwa. Na ga Malama Babba ta sunkuyar da kai.

Ban yi shawara da kowa ba. Tiyar da geron suna cikin jakata, tare da gwangwanin da nake ɗibar wa Maigida ruwa da shi. Na tashi na ratsa tsakanin tabarmi, na dire su a kan tebur, na ce mata a hankali, "Ke 'yar mai awo ce. Juyo." Na koma na zauna.

Ta tsaya tana kallon tiyar. Tun tana aji uku nake barin ta a kan buhu in je salla. Madam Hadiza ta taso ta ɗora mata sandar a gefen tiya.

Balkisu ta ɗaga tiyar sama, ta ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, "Wa aka taɓa aika sayen gero?" Hannaye suka tashi. Ta ɗaga gwangwanin. "Wannan sau nawa zai cika wannan? Kar wanda ya faɗa. Ku rubuta." Ta bugi tebur. Kawuna suka sunkuya. Ta sake bugawa, alluna suka tashi, ta tsaya tana kallon su kamar an buɗe mata ɗakin da ta daɗe tana wucewa ta ƙofarsa. Wani ya rubuta huɗu, wani ashirin. Ta kira Zali ta zo ta auna, aji na ƙirgawa da baki. Takwas ya cika. Ta juye, ta ce in uwarka ta ce rabin tiya fa, gwangwani nawa? Aka rubuta, aka ɗaga, aka auna. In kwata ce fa? Ta bi waɗanda suka yi kuskure ta haɗa su da na kusa da su da kara takwas su raba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, tunda na ce ba za a rage ba. Zali ta zubar da gero, wata kaza ta kutso ta ƙasan zana da 'ya'yanta, Malam Iliya ya tashi korar ta da kwat ɗinsa ya taka gwangwanin kara. Lokaci ya wuce ba ta kai ƙarshen darasin ba, masu bitar kuma sun faɗa mata haka a gaban kowa, har da cewa ta yi saurin buga tebur, marasa sauri ba su gama ba. Amma da muka fito ta yi mini magana, muryarta na nan lafiya lau kamar ba ta shiga aji ba.

Na yi zaton za ta ce in yaga takardar. Ba ta ce ba. Na ce yaya, ta ce, "Inna, nan kowane yaro da allonsa. Can ko littafi rabinsu ba su da shi. Rabin awa daban, shekara daban." Ban ja da ita ba.

Da muka dawo boda muka tarar da dogon saurayin nan. Ya buga buhuna ya ji ƙwaram, ya ce me ke ciki. Na ja shi gefe na kwance masa baki ɗaya ya leƙa. Ya dube ni ya rage murya. "Hajiya, an ajiye aikin ne?" Na ce ɗaure mini buhu, muna kan hanya tukuna.

Lahadi da yamma Ɗanjuma ya sauke mu a ƙofar gidana. Kafin ta wuce nata gidan Balkisu ta tsaya a zaure ta ce, "Inna, takardata." Na kwance lalita na ba ta. Na ce taki ce, ke kika rubuta, ba zan riƙe ki da ƙarfi ba. Ta karɓa ta tafi. Na mayar da dorinar marigayi kan ƙusarta. Kafin magariba na ɗauko wani tsohon zanena na yayyaga shi ƙanana-ƙanana.

To Hajiya Mairo, ga maganar tsaraba.

Washegari Litinin ina idar da sallar asuba na karya, na tare keke aka ɗora mini buhun. Maigadin makarantar ya san ni, matarsa a wurina take awo, ya buɗe mini aji biyu ba dogon bayani. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na ga Madam Hadiza ta yi. Ni ban san sunansu ba, don haka duk wanda ya zo sai na tambaya, in miƙa masa ɗan allo da guntun alli da ƙyalle. Abin da na ware don kilishinku da cukunku da turamen atamfa, a layin masu alluna na Maraɗi ya ƙare. Wata 'yar ƙarama mai tsagar haƙori ta ce sunanta Ummi. Na kama hannunta na kai ta layin gaba. Na gaya musu sau ɗaya abin da za su yi in sun ji bugu, na kuma tsaya ina kallon su. Ba a taɓa cewa kallona bai isa ba.

Takwas saura kwata Balkisu ta shigo makaranta da Maigida a baya, tunda ta je gidana ta ajiye shi ba ta same ni ba, ranta a ɓace, farin ambulan a hannu. Hanyar ofis ta gaban ajinta take. Ta ji shiru, ta zaci an kori yaran ne, ta leƙo.

Na bugi tebur da tafin hannu. Alluna tamanin da wani abu suka tashi suna kallon ta, ba komai a jikinsu.

Ta bi allunan da ido daga bakin ƙofar. Can ta ce, "Inna, kilishin ke nan?"

Na ce shi ne.

Ta shigo a hankali. Na kwance Maigida daga bayanta na mayar nawa. Ta dafa teburin, ya karkata, ashe ƙafa ɗaya gajeriya ce, shi ya sa buguna ya fito a raunane. Ta girgiza shi, ya sake karkata. Ta dubi ambulan ɗin da ke hannunta, ta ninka shi huɗu, ta durƙusa ta cusa a ƙarƙashin ƙafar. Ta miƙe ta gwada, tebur ya zauna daram. Yana can har yau, wanda bai yarda ba ya je ya leƙa.

Ta ce, da muryar da sai na miƙa wuya na ji, "Ku sauke. Kowa ya rubuta mini bakwai." Ta buga. Ta jira, wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta sake bugawa.

Ummi ce ta ɗaga a ƙarshe. Na ga Balkisu ta gan ta. Sai na gyara goyona na fito, don wankin tafiya na jira na a gida.